Shekarar da Ista Ta Faɗo Cikin Azumi

Tun farkon makon nan ake ruwa a garin nan, irin ruwansu na ƙasar Beljik da ba ya tsawa, ba ya iska, ba ya kuma ɗaukewa. Yayyafi ne mai sanyi daga safe har yamma. Itatuwan bakin titi sun fid da fure tun ganye bai fito ba. Kowane kanti an jera ƙwai na shokola, wato cakulan, da zomaye masu jan ƙyalle a wuya, jikata Lidiya tana jan hannuna tana nuna mini wanda take so. Wai Ista ce ta zo. Ni kuwa ina cikin rigar sanyi a kan rigar sanyi, da safa a ƙafa, na rasa yadda zan gaya wa jikina cewa Ista ce. Jikin ya ƙi yarda.

Ɗana Iliya ne ya ɗauko ni daga Madarumfa bayan rasuwar mahaifinsa, wai in huta, in kuma riƙe musu yarinya idan shi da matarsa sun tafi aiki. Majami'ar da muke zuwa nan har abin ɗumama ɗaki gare ta a ƙarƙashin kujeru. Ran Lahadin da ta wuce fasto ya yi wa'azi da Faransanci, na tsinci abin da na iya tsinta. Ya ce mu dubi waje, sanyi ya wuce, ƙasa ta farka, kowane icce yana toho, haka tashin Almasihu yake. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Na leƙa ta taga, gaskiyarsa ce, ko'ina kore shar. Amma inda aka haife ni, lokacin Ista ba abin da ke toho in ban da gawo. Lokacin ne kome ke ƙonewa.

Da muka fito na biya shagon wani Balarabe sayen barkono, na tarar ya tara dabino har bakin ƙofa. Na tambaye shi lafiya? Ya ce, "Azumi ne, Madam." Na tsaya riƙe da jaka kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Ashe azumi da Ista sun sake haɗuwa, kamar shekarar nan da nake da goyon fari.

Damina ce ta fara yi mana gardama. Ruwa ya sauka da wuri, muka shuka, gero ya tashi har gwiwa, sai sama ta rufe bakinta. Kafin ruwan ya dawo hatsi ya riga ya bushe a tsaye. Gida mai rumbu uku, abin da muka kai bai cika ɗaya ba. Sanyi bai gama fita ba maigidana Dauda ya ɗaure ƙunshinsa ya bi samarin Gabi da na Sarkin Yamma ci-rani Nijeriya. Ya bar ni da jariri a baya, Iliyan nan nawa, tare da iyayensa, Baba Yohanna, dattijon majami'armu, da Inna Tabita.

Mu Kirista a Madarumfa lokacin da yatsun hannu ake ƙirga gidajenmu. Majami'ar ta laka ce da rufin kwano, tana bayan gidanmu. Katangarmu ɗaya da gidan Malam Idi, direba mai tsohuwar motar ɗaukar kaya da ke bin kasuwannin iyaka, Jibiya da Ɗan Isa. Matarsa Rabi sa'ata ce. Shekara ɗaya aka kawo mu unguwar, wata ɗaya muka haihu, ni namiji, ita mace, aka sa mata Mariyama. Akwai inda ruwan wata damina ya zubar da kan katangar, ba wanda ya gyara, ta nan muke miƙa wa juna wuta da gishiri da rariya, ta nan kuma muke hira in aiki ya lafa.

Inna ce ke shiga rumbu. Da farko ni nake riƙe mata ƙwarya tana zubo zangarniya, daga baya sai ta ce in jira ta a gindin turmi. Na gane ba ta son in ga ƙasan rumbun. Da asuba nake sussuka in yi surfe, in ajiye dusar, don dusar nan da muke ba awaki a da, yanzu tana da ranarta. Fura ta yi ta tsinkewa har ta zama ruwa mai launin fura, in ka ɗaga ludayi kana ganin ƙasansa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Sai muka shiga ganye: busasshiyar tafasa, yaɗiya, zogale in an samu, a kwaɗa da ɗan ƙuli da barkono mai yawa don baki ya ji kamar ya ci wani abu. Daga baya Inna ta fara jiƙa 'ya'yan anza, ana sauya musu ruwa ana sauyawa har ɗacin ya ragu. Bai taɓa fita duka ba. Har yau in na tuna sai miyau ya taru mini a baki.

Tabki ne ya riƙe garin. Yana ja da baya, mutane suna bin shi da shuka a kan danshin da ya bari. Ni da Rabi muka haɗa hannu a ɗan fili guda, tumatir da dankali da 'yar albasa. Hantsi muke tafiya, mu shimfiɗa zane a gindin gawo mu kwantar da yaran kusa da juna, mu yi ta jigilar ruwa da gwangwani. Kullum ruwan yana ƙara nisa. Inda muka ɗiba makon jiya, wannan makon laka ce ta tsattsage kamar bayan kunkuru, da ƙananan kifaye matattu a kai, wari yana tashi. Baba Yohanna da tsufansa yakan ɗauki fartanya ya bi tsagar lakar yana tonon gaiwa. Ranar da ya samu, ranar miya tana da suna.

Sai bazara ta kama sosai. Wanda bai yi bazara a ƙasarmu ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Rairayi yana cin ƙafa ta cikin takalmin roba. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai da rana tsaka kamar ana jifarsa da tsakuwa. Ruwan randa ya zama kamar an ɗora shi a murhu. Ƙadangaru suna lafe a gindin katanga baki buɗe, kaji suna sakin fukafukai, wata ma ta faɗi ta mutu a tsakar gida muna kallo. In iska ta taso ba ka murna, don kamar an buɗe bakin tanda take.

Cikin wannan aka ga watan azumi. Malam Idi ya hana Rabi ɗauka saboda goyo, amma shi da tsohuwarsa suna yi. Gidansu ya ɗan fi namu, don yakan shigo da garin rogo daga iyaka. Kowace yamma, ana kiran sallar magariba, sai in ji Rabi a bakin katanga.

"Rifkatu, amshi wanga ki kai ma Inna."

Kunun tsamiya ne a ƙaramar ƙwarya, wani lokaci da ɗan ƙosai. Inna takan ce a mayar, su da suka wuni da ƙishi su suka fi bukata. Rabi takan yi kamar ba ta ji ba. Baba Yohanna kuwa sai ya kurɓa ya yi dariya ya ce, "Su suna azumi da niyya, mu muna yi ba niyya. Wanda ladarsa ta fi, sai mun je can mu ji."

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne nonona yana ƙafewa. Ɗan fari ne, ga kunya, ba a son a ga kana rawar jiki a kansa, ko sunansa ba na faɗa a lokacin. Yakan kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, in sauya masa ɗayan. Inna ta lura. Sai na ga tana tura mini rabon tuwonta tana cewa cikinta ba daɗi, tana dama mini kunun kanwa da ɗan gerin da ta ɓoye. Ya ɗan taimaka, bai kai ba. Rabi ita Allah ya yi mata baiwa, Mariyama har kumatu gare ta a wannan shekara.

Sanƙarau ya shigo kamar yadda ya saba, tare da zafi. Muka fara jin labarinsa daga ƙauyuka, sai ga shi a unguwar masunta, sai ga shi a layinmu. Cikin makon Ista, Mariyama ta fara zazzaɓi. Washegari, ran Juma'ar da muke tuna mutuwar Almasihu, ina zaune a majami'a Baba Yohanna yana karanta labarin shan wuyarsa, na ji bayana ya yi zafi kamar na goya garwashi. Na kwance goyon. Maɗigar yaron ta kumbura, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, kukansa siriri kamar na mage. Na fita ana tsakiyar karatu.

Ni da Rabi muka haɗu a likita, ƙaramin asibitin gari, kowa da nata a hannu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba su ya ce mu wuce Maradi yau ɗin nan, kada mu kwana.

Malam Idi ya riga ya yi lodin buhunan albasa za shi kasuwa. Ya sa aka sauke su nan bakin hanya. Rana tana tsaka muka tashi, ni da Rabi a gaba kusa da shi, Inna a baya kan ƙarfe mai zafi ta lulluɓe da zane. Jarkar ruwa ɗaya muka ɗauko. Muna jiƙa ƙyalle muna shafa wa yaran, kafin a kai hannu sau biyu ƙyallen ya bushe. Bayan mun wuce Jiratawa motar ta fara hayaƙi ta gaba, ta tsaya. Malam Idi ya buɗe ta, tururi ya tashi. Ya dubi jarkar, ya dubi yaran. Ya tsiyaya wa motar rabi ya miƙo mana sauran. Leɓunansa sun tsage, sun yi fari fat. Inna ta ce da shi daga baya, "Idi, ka kurɓa ko kaɗan. Matafiyi ne kai, addininku ma ya yarda."

Ya ce, "Inna, bar ma yaran."

Ya tada motar muka ci gaba har Maradi.

A asibitin mutane sun fi ɗakuna yawa, an yi rumfuna a fili, wasu a gindin itatuwa. Aka yi wa yaran allura mai kauri kamar mai, kowa a cinya. Muka samu gefen wata rumfa muka shimfiɗa tabarma guda, muka kwantar da su kusa da juna yadda muke yi a bakin tabki. Na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba. Ba ta da tsari, ba ta da amin, kalma ɗaya nake ta maimaitawa. Rabi a gefena tana jan nata a hankali. In na gaji na yi shiru sai in ji nata, in ta yi shiru ta ji nawa. Ban san ko na sa Mariyama cikin addu'ata ba. Na sha tambayar kaina wannan. Ina jin na sa ta, amma ba zan rantse ba.

Ran Asabar da hantsi zufa ta karyo wa Iliya, wuyansa ya saki, ya buɗe ido ya bi ƙuda da kallo. Ina cikin nuna wa Inna, na juya in gaya wa Rabi, na ga ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin Mariyama ta yi tsit. Ta daɗe haka. Sannan ta cire ɗankwalinta ta rufe yarinyar har fuska.

Ba ta yi kuka ba. 'Yar fari ce, ga surukai, ga mutane, ba a yi. Ta ce da mijinta kawai, "Malam, ta koma." Shi ya yi salati ya tsuguna.

Ma'aikatan suka ce mu ma mu tafi gida, yaron ya tsallake, wurin kuma wasu na jira. Mota ɗaya ta dawo da mu, zama ɗaya, kafaɗata tana gugar ta Rabi. Nawa yana motsi a cinyata, nata a naɗe. Duk inda motar ta faɗa rami sai in ga ta tallafe kan yarinyar kada ya bugu. Na rasa inda zan sa idona. Kafin rana ta faɗi aka kai Mariyama, Baba Yohanna ya bi su har maƙabarta ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu.

Iliya ya tsallake ciwo, amma ga yunwa. Yana neman nono da ƙarfin da ya rage masa, ni kuwa tun ran Juma'a ko ɗigo babu. Na matsa har na ji zafi, ba kome. Inna ta gwada shi da ruwan koko ya amayar, ta samo nonon akuya a maƙwabta ya amayar. Kukan ma ya zama ba murya, baki kawai yake buɗewa da ɗan sauti kamar ƙyauren da ya bushe.

Gari ya waye Lahadi, ranar Ista. Al'adarmu tun rana ba ta fito ba ake taruwa, mata su zo da ganga da tulun kiɗa da kacau-kacau, kowa ya sa abin da ya fi kyau a akwatinsa. Na ce ba za ni ba. Baba Yohanna ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ɗiyata, in kowa bai je ba yau, ke ya kamata ki je. Inna za ta riƙe shi." Ban taɓa yi masa musu ba. Na ɗaura zanen aurena na bi shi.

Ya yi wa'azi a kan matan nan da suka je kabari da sassafe suka tarar ba kowa ciki. Sai ya ce ba sai mun je nesa neman shaida ba, ga jikansa, ran Juma'a ya kama hanyar kabari, yau yana gida da rai. Majami'a ta ɗauki guɗa. Matan suka rungume ni, wata tana kuka tana cewa Allahnmu mai ji ne. Ba ƙarya suka yi ba, da zuciya ɗaya suke murna, su ma sun kwana biyu ba su ga abin murna ba. Ni ce mai ba da waƙa a cikin mata, don haka aka buga ganga, aka buɗe mini fili, kowa ya zuba mini ido.

Na miƙe. Ta tagar da ke gefena ana hango ƙofar gidan Malam Idi. An shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune jere, ana ɗaga hannu ana shafawa. Shi yana tsakiya, kansa a ƙasa. Tsakaninmu da su bai fi jifa ba, duk bugun gangar nan a kunnensu yake sauka.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Mai ganga ta sake zagayowa ta ba ni wuri, na sake buɗewa. Waƙar na sani, tun ina yarinya nake yin ta, amma na rasa bakin zarenta. Abin da ke kaina shi ne, tabarma ɗaya, allura ɗaya, rana ɗaya. In an ji tawa addu'ar, ta Rabi fa? In kuwa ba addu'a ce ta raba su ba, to me muke wa guɗa? Wata tsohuwa ta karɓi waƙar don ta rufa mini asiri, sauran suka amsa. Na sulale ta ƙofar baya.

Da na shiga gida, shirun ne ya fara tsorata ni. Ba kuka. Inna tana zaune a kan turmin da aka kifar, hannunta ba kome.

"Inna, ina yaron?"

Ta nuna mini katanga da haɓa. "Ita ta zo da kanta. Nan ta tsaya ta ce in miƙo mata shi. Mi zan ce mata?"

Na zagaya na shiga gidan ta tsakiyar masu gaisuwa, da zanen aurena da kome, ban ma tuna in yi sallama ba. Ɗakin Rabi cike da mata. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, Iliya yana ƙirjinta yana sha, yana haɗiya da ƙara har ana ji daga ƙofa. Ɗan hannunsa yana riƙe da yatsanta. Wata baƙuwa daga cikin dangi ta dube ni ta dubi uwar Malam Idi ta ce ƙasa-ƙasa, "Wai ba ɗan Kiristan nan ba ne?"

Tsohuwar ta ce, "Shi ne." Ta ja carbinta. Can ta ƙara da cewa, "Rabi, kin dai san in ya ƙoshi da wanga, ya zama ɗanki. Duk abin da kika haifa nan gaba ɗan'uwansa ne."

Rabi ta ce, "Na sani." Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Zamna mana, Rifkatu, kin tsaya ma mutane a kai."

Na zauna kusa da ita. Daga bayan katanga ana jin majami'armu ta kai ƙarshen waƙa, ana guɗa. Nan ne kukan ya zo mini, ni da ɗana ke da rai, matan da suka zo yi wa Rabi gaisuwa suka koma ba ni haƙuri.

Da yamma na tarar da Baba Yohanna shi kaɗai a zaure. Mutum ne da ba a taɓa kawo masa tambaya ya rasa aya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, da Mariyama ba ta rasu ba, da wa zai shayar da shi?"

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "To mutuwarta ce ta raya shi ke nan? Haka Allah ya shirya? Ita Rabi mi ta yi?"

Ya daɗe yana murza gemunsa. Na ga ya buɗe baki kamar zai kawo wani abu daga Littafi, ya fasa. Ya ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Da safe na ɗauka na sani." Washegari na ga ya ɗauki fartanya, ya je ya rushe sauran katangar nan daidai inda ta zube, ya mai da wurin ƙofa, don kada a riƙa zagayawa da yaro cikin rana.

Haka muka ƙarasa bazarar. Safe da rana da yamma ina kai shi, wani lokaci ita ta shigo ta ɗauka. Inna ta koma tura rabon tuwonta gidan Rabi. Ranar sallarsu Malam Idi ya kawo wa Iliya 'yar riga daga Jibiya, irin wadda da Mariyama zai saya wa. Ruwan farko ya sauka da wata irin guguwa da ta ɗauke rabin kwanon majami'a, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, yara suka fita tsirara suna ihu. Dauda ya dawo da buhun masara a ka, ya tarar ɗansa yana miƙa hannu wurin matar maƙwabci yana ƙin uwarsa. Rabi ce ta yaye shi. Ciwon ya tafi da jin kunnensa na hagu, amma bai hana shi karatun lakwal ba, har ya kai inda ya kai. Rabi ta haifi biyar bayan Mariyama, duk Yaya suke ce masa, shi ya aurar da biyu daga ciki.

Shekara talatin da wani abu ke nan. Na yi Ista da yawa a tsakani, na ba da waƙa, na dafa shinkafa, na yi guɗa da gaske, don ban daina ba da gaskiya ba. Amma kowace shekara in aka ce kabari ba kowa ciki, sai wani ƙaramin kabari ya faɗo mini a rai, wanda na san akwai mai shi a ciki. A gida zafin rana yakan taya ni ɗaukar abin, don kowa a wahale yake, murnar ma da ƙishi ake yin ta. Nan kuwa ga fure, ga firigo cike da abinci, ga naman rago a tanda, kowa yana cewa rai ya yi nasara, ni na rasa inda zan ajiye Mariyama a cikin wannan.

Yau da yamma, bayan baƙi sun watse, na ce Iliya ya kira mini Madarumfa. Ƙaramin ɗan Rabi ya ɗauka ya kai mata. Ga ta a fuskar salula, ta tsufa, haƙoran gaba sun tafi, tana zaune a tsakar gida tana fifita da murfin kwano. Ta ce wuta ta ɗauke tun jiya, tabki ya ja baya har wajen tsohon lambunmu. Suka gaisa da ɗanta Iliya, ta yi masa faɗan ya rame, ta ce matarsa ba ta ba shi tuwo. Da ya ba ni salular ya fita, na yi abin da ban taɓa yi ba duk shekarun nan.

Na ce, "Rabi, ranar nan da kika amshi yaron ga, mi kika yi tunani?"

Ta daina fifita. "Wace irin tambaya ce wagga bayan tsufa?"

"Ina so in sani ne."

Ta ce, "Tunanin mi? Nono ya cika yana yi mini ciwo kamar zai tsage, yaro yana kuka bayan katanga. Sai in zamna?" Ta ci gaba da fifita. "Amma in gaya miki gaskiya, da na ji gangarku da safen nan, raina ya ɓaci. Na ce mutanen ga ba su san an yi rashi ba? Sai na kasa kunne in ji muryarki, don na san ke ke ba su waƙa. Na ce in na ji ta, ni da ke har abada. Na saurara, na saurara, ban ji ba. Kukan yaron kaɗai nike ji. Shi ne na tashi."

Na ce, "Ba don ke na yi shiru ba, Rabi. Waƙar ce ta ɓace mini."

Ta ce, "Oho dai. Ni ban ji ki ba."

Nan wajen taga rana ba ta faɗi ba tukuna, amma ta cikin salular na ji ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwarmu, wata jika ta miƙo mata moɗa. Ta ce, "Dakata mini, Rifkatu, kada ki kashe." Na riƙe ina jin ruwan yana wuce maƙogwaronta, kurɓi bayan kurɓi, har ta sauke moɗar ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na ji bakina ya ce amin.